Rage amino asid a abincin ɓeraye: abin da binciken ya gano da inda ya tsaya

A watan Nuwamban 2023 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka wallafa sakamakon wani gwaji da ya ɗaure wa mutane kai. Sinadari ɗaya tak suka rage a abincin ɓeraye, wato aisolusin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ke haɗa furotin. Ɓerayen suka riƙa ci fiye da 'yan'uwansu, amma kitsensu ya ragu, sukarin jininsu ya daidaita, mazan cikinsu kuma suka ƙara tsawon rai da kashi 33 cikin 100. Tun daga nan labarin ke ta dawowa a Facebook da WhatsApp, kowa da irin fahimtarsa. Wani ya ce an gano nama ne ke gajarta rai, wani ya ce a daina cin ƙwai. A Legas ɗin nan kuma shagunan kayan motsa jiki na sayar wa matasa garin BCAA, haɗin amino asid guda uku, a matsayin abin gina jiki, alhali sinadarin da aka rage wa ɓerayen yana cikin garin. Mai karatu na da hakkin ya rikice.

Furotin, amino asid da abin da ake aunawa

Furotin ɗin da ke cikin nama, kifi, ƙwai, nono, wake da hatsi ba abu ɗaya ba ne dunƙule. Sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20. Hanji na warware sarƙar, jiki ya kwashi ƙwayoyin ya sake ƙulla nasa: tsoka, fata, gashi, sinadaran narkar da abinci da na garkuwa. Daga cikin 20 ɗin, jiki na iya haɗa 11 da kansa. Sauran 9 dole sai daga abinci: lusin, aisolusin, balin, metiyonin, laisin, tiriyonin, tiriptofan, fenilalanin da histidin. Idan ɗaya daga cikin taran nan ya yi ƙaranci, aikin haɗa furotin na tsayawa ko da sauran sun yi yawa, kamar maginin da ke da siminti da yashi jibge amma rodi ya ƙare masa.

Ukun farko, lusin da aisolusin da balin, su ne ake rubutawa BCAA a jikin robobin garin gina jiki. Metiyonin kuwa yana ɗauke da farar wuta, kuma daga gare shi jiki ke haɗa wani amino asid ɗin mai suna sistayin. Wannan dangantaka za ta dawo nan gaba.

Idan masu bincike suka ce lafiyar sarrafa abinci ta inganta, abubuwa ne da ake aunawa da lamba. A hana ɓera abinci na wasu sa'o'i, a yi masa allurar gulukos giram 1 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa, sannan a riƙa ɗiban ɗigon jini daga wutsiyarsa bayan minti 15, 30, 60 da 120. Wanda sukarinsa ya sauko da wuri shi ne mai lafiya. Ana yin irin wannan da allurar insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, don ganin ko jikin na jin maganarta. Ana sa ɓeran a na'urar da ke raba nauyin kitse da na tsoka, a kuma ajiye shi a keji rufaffe da ke auna iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar, daga nan a lissafa kalori nawa yake ƙonawa.

Yadda ake haɗa abincin gwajin

Nan ne mafi yawan masu yaɗa labarin ke tsallakewa. Ba a iya cire aisolusin daga tsokar nama ko daga ƙwayar wake. Don haka ɓerayen nan ba abinci irin namu suke ci ba. Ana sayo kowane amino asid a matsayin gari tsantsa, a auna shi, a haɗa da sitacin masara, sukari, mai, bitamin da ma'adinai, a dunƙule. A gwaje-gwajen Wisconsin, rukunin da ake kwatantawa da shi na samun kusan kashi 21 cikin 100 na kalorinsa daga amino asid. Rukunin ƙarancin furotin na samun kashi 7. Rukuni na uku kuma ana rage masa wanda ake bincike a kansa kaɗai da kashi biyu bisa uku, a cike gurbin da amino asid ɗin da jiki ke iya haɗawa da kansa, don jimillar furotin da kalori su zo daidai da na rukunin farko. In ba a yi wannan ciko ba, ba za a san ko rage sinadarin ne ya yi aiki ko rage furotin gaba ɗaya ba.

Tazarar da ke tsakanin amfani da cutarwa ƙarama ce ƙwarai, kuma metiyonin ne ya fi nuna haka. Abincin da aka saba ba ɓeraye a irin wannan gwaji na da kashi 0.86 cikin 100 na metiyonin. Ƙungiyar Thomas Gettys a cibiyar Pennington da ke Luwiziyana ta nuna cewa amfanin na bayyana ne tsakanin kashi 0.17 da 0.25. Sama da haka, ɓeran bai san an rage masa komai ba. Ƙasa da 0.12 kuma sai ya ƙyamaci abincin, ya zube. A gwajin Richard Miller na Jami'ar Mishigan da aka wallafa a 2005, an fara da kashi 0.1, wasu ɓeraye suka mutu da wuri saboda fitowar dubura, dole aka ɗaga adadin zuwa 0.15 kafin gwajin ya tafi daidai.

Wani tarkon shi ne sistayin. Abincin rage metiyonin ba a sa masa sistayin ko kaɗan. Da aka gwada zuba shi, akasarin amfanin ya ɓace, domin jiki ya daina kashe metiyonin ɗinsa wajen haɗa shi.

Daga rage kalori zuwa rage sinadari guda

A 1935 Clive McCay na Jami'ar Konel ya nuna cewa ɓerayen gwaji na babban jinsi da aka rage wa abinci sun fi tsawon rai. Shekaru kusan sittin aka ɗauka cewa sirrin yana cikin yawan kalori. A 1993 Norman Orentreich da abokan aikinsa suka rage metiyonin kaɗai, daga 0.86 zuwa 0.17, ba tare da ƙayyade yawan ci ba, manyan ɓerayen suka ƙara rai da kusan kashi 30 cikin 100. Miller ya tabbatar da hakan a ƙaramin jinsin ɓeraye, ya kuma ga sukari da insulin da sinadarin girma na IGF-1 duk sun sauka a jininsu.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka raba ɓeraye 858 a kan abinci iri 25 masu bambancin furotin, sitaci da mai. Waɗanda suka fi daɗewa su ne masu ƙarancin furotin da yawan sitaci, ba waɗanda suka fi ƙarancin kalori ba.

Daga ɓangaren mutane ma akwai abin da ya ja hankali. Tun 1969 aka lura cewa BCAA na yawa a jinin masu ƙiba. Wani mai bincike, Christopher Newgard, ya danganta shi da rashin jin insulin a 2009, sannan a 2011 binciken Framingham, mai bibiyar lafiyar mutanen wani gari a Amurka, ya nuna cewa yawansa a jini na iya nuna wanda zai kamu da ciwon suga shekaru kafin ciwon ya bayyana. Wannan ne ya sa ɗakin binciken Dudley Lamming a Wisconsin ya bi ukun nan. A 2016 suka rage su tare, ɓeraye suka samu kusan irin amfanin rage furotin duka. A 2018 suka ɗauki ɓerayen da aka riga aka ƙibantar da abinci mai maiƙo da sukari, suka ci gaba da ba su maiƙon da sukarin amma da ƙarancin BCAA, kitsen ya zube cikin 'yan makonni. A 2021 suka raba ukun ɗaya bayan ɗaya. Aisolusin ne ya fi ƙarfi, balin ya bi baya, rage lusin kuwa bai amfana ba. Gwajin 2023 da aka fara da shi ci gaban wannan ne, an yi shi a kan ɓeraye masu gaurayen jini, an kuma fara suna da wata shida.

Ba BCAA da metiyonin kaɗai ba ne. Wani bincike na 2020 ya nuna rage tiriyonin ko tiriptofan na tayar da irin wannan martani. A 2025 kuma aka ba da rahoton ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado don su kasa haɗa sistayin, aka hana su shi a abinci, suka zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsu cikin mako guda. Wannan ba tsarin rage ƙiba ba ne, gwaji ne na gano yadda jiki ke aiki.

Me ke faruwa a cikin jikin ɓeran

Abin mamakin shi ne ci ya ƙaru amma kitse ya ragu. Amsar tana hanta. Ƙwayoyin jiki na da masu gadi biyu da ke lura da amino asid. Na farko, mTORC1, yana farkawa idan amino asid ya wadata, musamman lusin, ya ba da umarnin a yi girma, a gina, a tara. Idan ya lafa, ƙwayar na komawa gyara da share tarkacen cikinta. Maganin rafamaisin da aka nuna a 2009 yana tsawaita ran ɓeraye ta nan yake bi. Na biyun, GCN2, yana farkawa ne idan wani amino asid ya yi ƙaranci, ya kunna jerin saƙonnin da ke sa hanta ta saki wani sinadari mai suna FGF21 cikin jini.

FGF21 na zuwa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta yi abu biyu. Ta ƙara wa ɓeran sha'awar ci, don ya nemo abin da ya rasa. Ta kuma aika saƙo ta jijiyoyi zuwa kitsen ƙarƙashin fata, ya soma ƙona makamashi yana fitar da zafi maimakon ajiya. Rarar kalorin da ɓeran ya ci ta tafi a ɗumin jiki. Ƙungiyar Christopher Morrison a Pennington ce ta nuna a 2014 cewa ƙarancin furotin ne ke tayar da FGF21, ba ƙarancin kalori ba. A 2022 suka ƙara da cewa mazan ɓerayen da ba su da FGF21, idan aka sa su a ƙarancin furotin, ba sa samun amfanin, har ma sukan raunana su mutu da wuri. Ke nan amfanin ba daga rashin sinadarin yake ba, daga martanin jiki ga rashin yake.

Sai dai zanen bai kammala ba. A gwajin 2021, ɓerayen da aka kashe wa GCN2 a hanta, da waɗanda aka bar mTORC1 ɗin hantarsu a kunne, sun ci gaba da amfana da rage aisolusin.

Inda masana suka saɓa

Ɓangaren Wisconsin na ganin wasu amino asid, musamman aisolusin, su ne ke ɗauke da illar yawan furotin. Ɓangaren Sidni, wato Stephen Simpson da David Raubenheimer da abokan aikinsu, sun fi karkata ga daidaito. A 2019 suka ninka wa ɓeraye BCAA, ɓerayen suka yi ƙiba suka mutu da wuri, amma dalilin shi ne BCAA na gogayya da tiriptofan wajen shiga ƙwaƙwalwa. Da tiriptofan ya ragu, sinadarin serotonin mai sa a ji an ƙoshi ya ragu, ci ya yi yawa. Da aka ƙayyade musu abincin, illar ta kau. Su ne kuma suka daɗe suna gargaɗin cewa a wajen ɗan Adam, abinci mai ƙarancin furotin na sa a yi ta ci har sai an cike gurbin, wanda hakan na iya kawo ƙiba in abincin maiƙo ne da sukari.

Akwai ɓangare na uku. A 2010 masu bincike a Italiya suka ba mazan ɓeraye masu matsakaicin shekaru haɗin amino asid mai yawan BCAA, suka ga sun ɗan ƙara rai da ƙarfin tsoka. Likitocin tsofaffi na kafa hujja da irin wannan, da kuma abin da suke gani a asibiti na zubewar tsoka. Wani nazari na 2014 a kan Amurkawa ya zo da sakamako mai fuska biyu: a tsakanin shekara 50 zuwa 65, yawan furotin ya tafi tare da yawan mace-mace, a sama da 65 kuma abin ya juya.

Ko batun yawan BCAA a jinin masu ciwon suga ma ana jayayya a kansa. Shin shi ne ke jawo rashin jin insulin, ko kuwa jikin da ya daina jin insulin ne ke kasa narkar da shi har ya taru? Binciken ƙwayoyin gado ya ba kowane ɓangare abin riƙewa.

Abin da kanun labarai ba sa faɗa

Kashi 33 ɗin nan na maza ne. Matan ɓerayen kashi 7 suka samu. A gwajin rage BCAA tun daga ƙuruciya da aka wallafa a 2021, maza sun ƙara kusan kashi 30, mata ba su ƙara komai ba. Jinsin ɓeran ma na sauya sakamako, wani ya amsa sosai wani ya amsa kaɗan.

Sannan akwai farashi. Ɓeran da aka fara rage wa metiyonin yana ƙarami ba ya kai girman 'yan'uwansa, ƙasusuwansa sun fi sirantaka, kuma ba kitse kaɗai yake rasawa ba, har da tsoka. Da aka fara rage aisolusin ga tsofaffin ɓeraye 'yan wata 20, sukarinsu ya gyaru amma ƙarfin riƙonsu ya ragu. Ɓeran keji ba ya ɗaukar kaya, ba ya fama da zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki, abincinsa kuma cike yake da bitamin.

Zafin ɗaki ma na da hannu. Yawanci ana ajiye ɓerayen gwaji a maki 20 zuwa 22 na ma'aunin Salsiyos, alhali jikinsu na sakewa ne a wajen maki 30. Ɓeran da ke jin sanyi kullum yana kashe kaso mai yawa na abincinsa wajen ɗumama kansa, kuma kitsensa a shirye yake ya ƙona. Babban mutum yana da ɗan kaɗan ne na irin wannan kitse, balle wanda ke zaune a zafin Legas.

An gwada a mutane, amma ƙanana ne gwaje-gwajen kuma gajeru. A 2011 aka sa masu ƙiba a ƙarancin metiyonin na mako 16 ta hanyar abincin asibiti, ƙona kitse ya ƙaru, kitsen hanta ya ragu, amma da yawa sun kasa jure ɗanɗanon. A 2016 maza da aka sa a furotin kashi 7 zuwa 9 na kusan mako shida sun rage nauyi da sukarin jini. A 2019 a Jamus, masu ciwon suga da aka rage wa BCAA na mako guda sun fitar da ƙarancin insulin bayan cin abinci, FGF21 ɗinsu ya hau. Alamu ne da ke tafiya daidai da na ɓeraye, ba hujjar tsawon rai ba.

Abin da ya shafi mazaunin Legas

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo a rana ga baligi mai lafiya. Mai kilo 70 na buƙatar kusan giram 58. Ƙwai ɗaya na ba da kusan giram 6, dafaffen naman sa giram 100 kuma kusan 26, busasshen wake giram 100 kusan 23. Buƙatar aisolusin miligiram 20 ce a kan kilo, wato giram 1.4 ga wannan mutumin.

Matsalar ita ce aisolusin ya bazu kusan daidai a ko'ina, wajen kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na furotin ɗin nama, ƙwai, wake da shinkafa. Babu wani abu a kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba da mutum zai bari ya ce ya rage aisolusin kaɗai. Duk wanda ya gwada, furotin gaba ɗaya zai rage. Metiyonin ya fi bambanta, domin nama da kifi da ƙwai na da kusan ninki biyu na abin da ke cikin furotin ɗin wake. Amma wake da hatsi na da sistayin, shi ya sa komawa ƙosai da alala da awara ba zai maimaita gwajin ɓerayen ba, ko da yake yana da nasa amfanin ta fuskar harza da ƙarancin kitsen dabba.

Binciken an tsara shi ne don al'ummar da furotin ya yi wa yawa. A Legas akwai irinsu: ɗan kasuwar da ke karyawa da ƙwai, ya ci nama da rana, ya rufe da tsire ko balangu da lemon kwalba da dare, ga tumbi, ga zama wuri ɗaya. Irin wannan in ya sauko zuwa abin da jikinsa ke buƙata, ya maye wani naman da wake, bai yi asara ba. Amma ɗan dako, mai tura ruwa, mai gadi da ɗan acaɓa a Agege ko Idi-Araba, da yawansu garin rogo da burodi da taliya ne abincin yini. Garin rogo furotin ɗinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Masara kuma laisin da tiriptofan ɗinta kaɗan ne, shi ya sa haɗa tuwo ko koko da wake, gyaɗa, daddawa ko nono ke cike giɓin.

Ga mai dogaro da rogo, rage metiyonin na da haɗari na musamman. Rogon da ba a jiƙa ko aka tsuma shi sosai ba yana barin ragowar gubar sayanaid, kuma da farar wutar da ke cikin metiyonin da sistayin jiki ke kashe ta ya fitar a fitsari. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi nazari tun shekarun 1960 a kan ciwon jijiyoyi mai sa tangaɗi da raunin gani a Kudu maso Yamma, a tsakanin masu yawan cin rogo da ƙarancin furotin.

Yara, masu ciki da masu shayarwa ba sa cikin wannan magana sam. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma tsumburewa na cikin abin da rage amino asid ke yi wa 'ya'yan ɓeraye. Tsofaffi ma ƙwararru na ba su shawarar giram 1.0 zuwa 1.2 a kan kilo, sama da na matasa, don kare tsoka. Mai ciwon ƙoda da likita ya rage wa furotin dalilinsa daban ne, ƙodar ce ake sauƙaƙa wa aiki. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid kuwa, duk wani babban sauyin abinci na iya faɗar da sukarinsa ƙasa, don haka da likitansa zai tsara.

Saura garin BCAA. Yawanci ana haɗa shi kashi biyu lusin, ɗaya aisolusin, ɗaya balin. Tsoka na buƙatar duka taran kafin ta ginu, saboda haka ukun nan su kaɗai ba su kai ƙwai ko kifi ko nono ba. Ga matashin da ke ɗaga ƙarfe yana cin abinci isasshe, kuɗin ne ya fi tafiya a banza. Ga mai tumbi da ke sha ba ya motsa jiki, da fatan ya rame, sakamakon ɓerayen Sidni da na Wisconsin duka na nuna akasin abin da yake nema. Wanda ya nace zai saya, ya duba lambar NAFDAC da jerin abin da aka zuba, domin wasu robobin na da sukari da kafin.

Kamfanonin magani sun zaɓi wata hanyar. Maimakon a tilasta wa mutane abincin gari marar daɗi, suna ƙera allurai masu kwaikwayon FGF21. Biyu daga ciki, efruxifermin da pegozafermin, sun kai manyan gwaje-gwaje a kan masu kitsen hanta da ya soma yi mata tabo.